Jarrabawar Ɗaukar Aiki: A Gyara Mudu, Kada A Koma Awo Da Hannu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili in sa baki a wata magana da take yawo a majalisun unguwa da shirye-shiryen rediyo na kiran waya duk lokacin da wata hukuma ta buɗe shafin ɗaukar ma'aikata. Maganar ita ce wai jarrabawar gwajin basira da ake yi wa masu neman aiki, wadda yanzu ta koma kan kwamfuta, dabara ce ta kayar da 'ya'yanmu, don haka gara a soke ta a riƙa raba guraben ta hannun 'yan majalisa da masu faɗa a ji, kowace ƙaramar hukuma a miƙa mata kasonta. Na san zafin da yake sa a faɗi haka, domin ni ma a gidana akwai masu kwalin digiri a ƙarƙashin katifa. Amma wannan magani ya fi cutar illa, kuma ina so in faɗi dalilina.

Ni tsohon jami'in kula da ma'aikata ne. Na yi aiki a wata masana'anta a nan Kano tun zamanin da Bompai da Sharaɗa da Chalawa suke aiki ba dare ba rana, motoci suna sauke masu aikin safe suna kwasar na dare. Ɗaukar akawu da sitokifa da kashiya da masu kula da injin duk ta teburina yake bi. Yanzu da na yi ritaya, da yamma nakan zauna a shagon koyar da kwamfuta na wani ɗan ƙanena, ina taya matasa shirin irin waɗannan jarrabawoyi. Na zauna a kujerar mai ɗauka, yanzu kuma ina zaune kusa da mai nema.

Bari in faɗa maka yadda ɗaukar aiki take idan babu jarrabawa. Da zarar an ji ƙishin-ƙishin ɗin za mu ɗauki mutum biyu ko uku, kafin a kira azahar teburina ya cika da 'yan takardu da katunan manya. Wannan ɗan ƙanwar wani attajiri ne da yake sarin kayanmu, wancan ƙanen matar wani babban jami'i ne, ga kuma wanda limamin unguwarmu ya rako da ƙafarsa. Babu ɗaya cikin masu aiken nan da zan iya kallon tsabar idonsa in ce masa a'a. Amma ɗan mai gadinmu, yaron da ya gama difloma, wanda kullum nake ganinsa a bakin get ya kawo wa mahaifinsa abinci a kwanon samira, ba shi da wanda zai rubuta masa ko layi ɗaya. An ce mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. To ranar da aka soke jarrabawa, irin wannan yaro ne zai ci gaya, kuma irinsa su ne suka fi yawa a ƙasar nan.

Abin da ya fitar da mu shi ne wata 'yar jarrabawa da muka tsara. Ba ta da wani tsauri: lissafin kashi cikin ɗari, jerin lambobi da za ka gano wadda take biye, layi biyu na lambobin rasit da za ka duba ka fitar da inda suka saɓa, sai wani umarni a rubuce da za ka karanta ka faɗi abin da za ka fara yi. Kowa mukan ba shi lamba, a yanke gefen takardar da sunansa yake a kulle shi a durowar manaja, mai duba amsa ba ya ganin komai sai lamba. Da aka haɗa sunaye da maki, ɗan mai gadi yana cikin na sama, muka ɗauke shi sito. Bai daɗe ba ya zo mini da takardun karɓar kaya a hannu ɗaya, littafin sito a ɗaya hannun, ya nuna mini cewa adadin buhunan sinadarin da ake rubutawa an sauke ya fi wanda yake shiga ɗakin ajiya, kuma duk a ranakun da wata mota ɗaya take kawo kaya. Waɗanda suka riga shi a wurin sun yi ta sa hannu a takardun nan ba su lura ba. Wannan kaifin ido shi ne abin da tambayar lambobin rasit take nema, kuma babu katin wani babba da zai nuna maka shi.

Jarrabawar ta kuma kare mutuncina. Idan babban mutum ya bugo waya yana tambayar yaronsa, sai in ce, "Ranka ya daɗe, yaro ya yi ƙoƙari, amma ga makinsa, ga kuma na waɗanda suka sha gabansa. In wani gurbi ya samu ya sake gwadawa." Wasu sukan ji haushi, amma ba wanda ya taɓa cewa na ci masa fuska. Dabarar ɓoye suna kuwa tsohuwa ce. Ƙasar Sin ta shafe kusan shekara 1,300 tana ɗaukar ma'aikatan gwamnati ta hanyar jarrabawa har zuwa 1905, kuma tun zamanin daular Song suke rufe sunan mai rubutawa, su sa magatakarda su sake kwafe amsoshin da hannunsu don kada mai dubawa ya gane rubutun ɗan abokinsa.

Masana ma sun daɗe suna bincikar ko irin wannan gwaji yana faɗin gaskiya. A 1998 wasu Amurkawa biyu, Frank Schmidt da John Hunter, suka tattara binciken shekara 85 a kan hanyoyin zaɓen ma'aikata, suka auna kowace hanya da ma'aunin da ya tashi daga sifili zuwa 1: sifili na nufin hanyar ba ta nuna maka komai game da yadda mutum zai yi aiki, 1 kuwa na nufin ba ta kuskure. Gwajin basira ya samu 0.51. Yawan shekarun da mutum ya yi yana aiki ya samu 0.18, yawan shekarun karatu kuma 0.10 kacal. A 2022 Paul Sackett da abokan aikinsa suka sake lissafin, suka nuna cewa an yi wa adadin gwajin basira ƙari, gaskiyarsa wajen 0.31 ne. A nasu jerin, abin da ya zo na ɗaya da 0.42 shi ne intabiyu mai tsari, wadda ake yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya a ba shi maki bisa ƙa'idar da aka rubuta tun kafin ya shigo. Gwajin sanin aikin kansa ya biyo baya da 0.40. Intabiyun hira kuwa, irin ta "ɗan wane gida ne kai, ina ka yi bautar ƙasa", 0.19 ta samu. Yawancin waɗannan bincike a kan ma'aikatan Amurka aka yi su, amma sun dace da abin da na gani da idona: gwajin basira yana nuna wanda zai koyi aiki da wuri, musamman cikin matasan da ba su taɓa aiki ba. Ba ya nuna mai amana, ba ya nuna mai haƙuri da jama'a, ba ya nuna wanda zai zo ofis a kan lokaci. Ƙofar farko ce, dole a bi bayanta da intabiyu mai tsari da gwajin aiki a aikace.

Yanzu sai in juyo kan masu shirya jarrabawar, domin masu kuka ba a banza suke kuka ba. Idan mudun ɗan kasuwa ya lotse, ba mai hankalin da zai ce a koma awo da tafin hannu. Mudun ake gyarawa. Namu mudun ya lotse a wurare da dama, kuma lotsewar ta farko ta samo asali tun daga inda aka ƙera shi.

A 1917, da Amurka ta shiga yaƙin duniya na ɗaya, Robert Yerkes da wasu masana suka shirya wa sojoji gwaji iri biyu, Alfa ga masu iya karatu, Beta mai hotuna ga waɗanda ba su iya ba ko ba sa jin Turanci. An gwada mutum kusan miliyan 1 da dubu 750. A cikin Alfa akwai tambayar da take cewa mene ne Crisco, magani ne ko man goge baki ko kayan abinci, alhali sunan wani man girki ne da ake sayarwa a kantunansu. A cikin Beta ana nuna maka hoto ka cike abin da babu, ɗaya daga ciki filin wasan tenis ne ba raga. Baƙon da ya sauka daga jirgin ruwa daga wani ƙauyen Italiya ko Poland ina ya taɓa ganin filin tenis? Sakamakon da kansa ya nuna cewa makin baƙi yana ƙaruwa gwargwadon shekarun da suka yi a Amurka, wato sabo da ƙasar ake aunawa. Duk da haka a 1923 wani masani mai suna Carl Brigham ya yi amfani da shi ya ce wasu al'ummu sun fi wasu ƙwaƙwalwa. A 1930 ya fito ya janye maganarsa, amma kafin nan ta yi ɓarnarta.

Kusa da gida ma an ga irin haka. A shekarun 1960 wasu masana Amurkawa, John Gay da Michael Cole da Joseph Glick, suka yi aiki cikin manoman Kpelle a Laberiya. Aka zube musu kayayyaki, abinci da kayan aiki da tufafi da kwanuka, aka ce su ware su kashi-kashi. Sai suka haɗa wuƙa da lemo, fartanya da dankali, domin wuƙa ce take yanka lemo, fartanya ce take tono dankali. A takardar mai gwaji wannan faɗuwa ce, shi yana son abinci gefe guda, kayan aiki gefe guda. Da aka tambaye su yadda wawa zai ware kayan, sai suka jera su daidai yadda takardar take so. Da aka koma ƙiyasin yawan gwangwanin shinkafar da take cikin kwano kuwa, manoman nan suka fi Amurkawa masu ilimin boko dacewa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Dawanau ya ga dattijo ya dubi tarin hatsi ya faɗi tiya nawa ne, ba zai yi mamaki ba.

Irin wannan nake gani a shagonmu. Akwai wata yarinya da ta karanta akanta, ita take riƙe wa mahaifiyarta littafin adashe da cinikin man gyaɗa. Na tsaya a bayanta tana gwada tambayoyi. Wata tambaya ta fito da Turanci mai tsawon layi huɗu, agogo yana ta ja baya a kusurwar allo. Ta karanta, ta sake karantawa tana motsa leɓe, hannunta ya ƙanƙame linzamin kwamfuta har ta danna sau biyu shafin ya tsallake, ta ɓata lokaci tana neman hanyar komawa. Na ce mata ta saki, na faɗa mata tambayar da Hausa: magina 6 sun gama katanga cikin kwana 10, magina 4 fa? Ban rufe baki ba ta ce, "Kwana goma sha biyar, Baba." Da a ɗakin jarrabawa ne, allo zai rubuta cewa ba ta iya lissafi ba. Abin da ya auna shi ne saurin karanta Turanci da sabo da linzami, ya lanƙaya musu sunan basira.

Matsin lokacin ma aro ne. Akwai wani sanannen gwaji na Amurka mai suna Wonderlic da ake amfani da shi tun shekarun 1930, tambaya 50 cikin minti 12, wato ƙasa da daƙiƙa 15 kowace tambaya. An tsara shi ne ga wanda ya sha Turanci a nono. Idan ka ɗauko irin wannan gudu ka ɗora wa wanda Turanci yarensa na biyu ne ko na uku, wanda sai ya juya tambaya a zuciyarsa kafin ya fara lissafi, ka riga ka zaftare masa maki tun bai zauna ba.

Kada a fahimce ni da cewa Turanci ba shi da amfani. Wanda zai rubuta rahoto ko ya amsa wasiƙun ofis dole a gwada Turancinsa, amma a ware masa nasa kashin da nasa makin, kowa ya san abin da ake aunawa. Sashen lissafi da tunani kuwa a rubuta shi da gajerun jimloli, ba lauje cikin naɗi. Aikin da ba rubutu ne ginshiƙinsa ba, kamar direba da ma'aikacin kashe gobara da mai gadin daji da bakanike, me zai hana a ba da umarnin da Hausa da Yarabanci da Ibo tare da Turanci? Akwai kuma gwajin zane-zane zalla irin wanda John Raven ya fitar a Birtaniya a 1938, ba kalma ko ɗaya sai siffofi ka gano wadda ta cike gurbi, ko da yake shi ma wanda ya zauna a aji yakan fi sakewa da shi. Batun linzami kuwa an riga an warware shi a ƙasar nan. Hukumar JAMB, wadda ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, ta fito da tsarin maɓallai takwas: huɗu na zaɓen amsa, sauran na gaba da baya da miƙa aiki, ba sai ka taɓa linzami ba. Tana kuma shirya jarrabawar gwaji kafin ta gaske. Abin da aka yi wa mai neman jami'a, mai neman aiki ma ya cancance shi. A saki samfurin tambayoyi kyauta wata guda kafin ranar, domin sananne ne cewa wanda ya taɓa gwada irin tambayoyin makinsa yakan ɗaga, kuma a halin yanzu mai kuɗin shiga darasi ne kawai yake samun wannan dama.

Ƙa'idar da ya kamata ta riƙe duk wannan ita ce gwaji ya dace da aikin. A Amurka sai da aka je gaban alƙali a kanta. Kamfanin wutar lantarki na Duke Power a jihar North Carolina ya sa sharaɗin takardar sakandare da cin gwajin basira kafin ma'aikaci ya fita daga sashen leburori, sharaɗin da ya tare baƙaƙen fata waɗanda aka daɗe ana tauye wa karatu. Willie Griggs da abokan aikinsa suka kai ƙara, a 1971 kotun ƙoli ta yanke cewa duk gwajin da yake ware wani ɓangare na jama'a, wajibi ne mai ɗaukar aiki ya nuna alaƙarsa da aikin da za a yi. Mu ma ya kamata duk hukumar da ta shirya jarrabawa ta iya amsa wannan tambaya: wannan da kuka tambayi mai neman aikin kula da gidan gyaran hali, a wace rana ta aikinsa zai buƙace shi?

Ba na so a koma baya kan batun kwamfuta, domin mun ga abin da ya gabace ta. Ranar 15 ga Maris 2014 ba za ta fita daga zukatanmu ba. Hukumar shige da fice ta tara matasa fiye da dubu 500 a filayen wasa na ƙasar nan, kowa ya biya Naira 1,000, a kan guraben da ba su kai 5,000 ba, lokacin Abba Moro yana ministan harkokin cikin gida. Aka yi turmutsutsu a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin, aƙalla mutum 16 suka rasu, Allah Ya ji ƙansu. A filin ƙwallo, cikin rana da ƙishirwa da ture-ture, babu basirar da za a auna. Zama a ɗaki, kowa da kujerarsa da allonsa, a lokacin da aka sa masa, ci gaba ne na gaske. Abin da ya rage shi ne cibiyoyin su kusanci mutane, kada yaro daga ƙauye ya sayar da akuyar uwarsa ya kwana a tasha, kuma idan janareto ya mutu ko sabis ya ɗauke a tsakiyar jarrabawa a sake masa rana, kada a rubuta masa sifili.

Amma babbar cutar, wadda ta fi Turanci da linzami da komai, ita ce ɓoye maki. Wani matashi a layinmu ya rubuta jarrabawar wata hukuma, ya dawo yana murna domin tambayoyin irin waɗanda muka yi ta gwadawa ne. Aka yi watanni shiru. Rana ɗaya sai ga jerin sunaye, ba nasa, ba maki a gaban sunan kowa, ba a faɗi inda aka yanke ba. Ya zo ya zauna kusa da ni ya ce, "Baba, da faɗuwa na yi aka nuna mini, wallahi da na haƙura na ƙara himma. Amma yanzu ban san ko faɗuwa na yi ko sayar da gurbina aka yi ba." Na rasa abin da zan ce masa. Wannan rashin sani shi yake kashe wa matasa gwiwa, shi yake sa su daina karatu su koma neman ubangida, shi ne kuma ya haifi maganar a soke jarrabawa. Zarginsu ba daga iska ya faɗo ba. A 2023 kwamitin majalisar wakilai ƙarƙashin Yusuf Gagdi ya binciki cinikin guraben aiki a ma'aikatun tarayya, inda wani tsohon jami'in hukumar raba daidai ta ƙasa ya amsa a bainar jama'a cewa ya karɓi kuɗi daga masu neman aiki, aka kuma ji yadda hukumomi suke neman izinin ɗaukar ma'aikata ba tare da sanarwa ba. Inda ake haka, jarrabawa ta zama abin fakewa: a tara 'ya'yan talakawa su rubuta, alhali takardun kama aiki sun riga sun tafi gidajen shafaffu da mai.

Gyaran ba shi da tsada. Kwamfuta tana gama lissafin maki kafin mutum ya tashi daga kujera, to ya ga makinsa a allo nan take, a kuma tura masa ta waya. A faɗi makin tsallakewa kafin ranar jarrabawa. Idan za a fitar da sunaye, kowace lamba ta fito da makinta, jiha-jiha. Masu yin sojan gona kuma a tare su da hoton yatsa, a sake yi wa waɗanda suka tsallake ɗan gajeren gwaji ido da ido ranar intabiyu.

Masu tsoron cewa in aka bi maki zalla wani ɓangaren ƙasa zai kwashe komai, su kwantar da hankalinsu. Sashe na 14(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya wajabta raba daidai a aikin tarayya, akwai kuma hukumar da aka kafa tun 1996 don ta tsare wannan. Kason Kano na Kano ne, na Yobe na Yobe ne. Tambayar ita ce, a cikin kason Kano wa za a ba? Idan gurbi 50 ne, a jera 'yan jihar bisa maki a ɗauki 50 na sama. Ɗan Doguwa da ɗan Fagge su kara a fili. Wanda zai yi asara a wannan tsari shi ne mai raba gurabe a falonsa, kuma shi ne nake zargin ya fi kowa jin daɗin maganar a soke jarrabawa. Haka kuma dokar masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben gwamnati, amma makaho ba zai ci moriyarta ba idan babu manhajar da za ta karanta masa tambaya, ba a kuma ƙara masa lokaci ba.

Akwai wata gaskiya mai ɗaci da ta rage tsakaninmu. Ko an gyara duk abin da na lissafa, wasu yaranmu za su faɗi, domin makarantar da suka fito ba ta ba su abin da ya kamata ba. Ina ganin mai digiri da kashi 15 cikin 100 na Naira 8,000 yake gagara ko da Hausa aka tambaye shi. Wannan ba halitta ba ce. Alfred Binet, wanda ya fara shirya irin wannan gwaji a Faransa a 1905, ya yi shi ne don a gano yaran da suke buƙatar ƙarin taimako a makaranta, kuma ya yi tir da masu cewa basira aba ce tsayayya da ba ta ƙaruwa. A 2018 Stuart Ritchie da Elliot Tucker-Drob suka tattara bayanan mutum fiye da dubu 600, suka samu cewa kowace shekara guda ta karatu tana ƙara maki 1 zuwa 5 a ma'aunin basira. To a lissafa abin da muke zubarwa idan aji ɗaya ya ɗauki yara fiye da ɗari suna zaune a ƙasa, ko aka rufe jami'o'i wata takwas kamar yadda aka yi a 2022. A Kaduna a 2017 an yi wa malaman firamare wajen dubu 33 jarrabawa, 21,780 suka kasa kai makin da aka sa, aka sallame su daga aiki. Mutum yana iya saɓa wa yadda aka sallame su, amma yaran da suka bi ta hannunsu su ne suke zaune gaban allon kwamfuta yau. Fushinmu ya kamata ya nufi wanda ya bar ajin ba malami.

Ya Edita, ina da roƙo guda gare ka. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takardun hukuma, ta kuma ba hukumar kwana 7 ta amsa. Ka sa wakilanka su zaɓi ɗaukar aiki ɗaya da aka kammala a bana, su rubuta wa hukumar su nemi abu uku: makin da aka yanke, makin kowace lamba da aka ɗauka daga jihohinmu ba tare da suna ba, da adadin waɗanda aka ba aiki alhali ba su zauna jarrabawar ba. In sun ba da amsa ku buga ta, in sun ƙi ku buga mana ranar da kuka aika da sunan ofishin da ya karɓa.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Tsohon jami'in kula da ma'aikata,
Kano.